Takardar da Aka Liƙa a Ɗakin Hutu

Pueblo, Colorado
9 ga Maris

Zuwa ga yayata Dolores,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Ruben da jikoki. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya kare ku daga sanyin Alaska. Mu nan da sauƙi. Maigidana Gilbert yana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, amma bakin nan nasa bai mutu ba.

Yaya, na zaɓi in rubuto ne don a waya kuka zan yi. Kin san dokar nan da ta tilasta wa kamfanoni rubuta albashi a duk tallar neman ma'aikaci. To, a kamfaninmu za a ƙara mini abokin aiki a tsara fitar motocin kaya, sai suka liƙa takardar a ɗakin hutu. Na tsaya karantawa da kofi a hannu. Mafi ƙarancin abin da za su ba sabon shiga ya fi abin da nake ɗauka bayan shekara ashirin da uku.

Marigayi Baba ne ya koya mana cewa mutumin kirki ba ya tambayar albashin wani, ba ya faɗin nasa. Na riƙe maganar nan kamar addini, sai ranar na karya ta. Ashe Yvonne, wadda ni na koya wa aikin, ta daɗe da wuce ni. Da na faɗa mata nawa, dafe kai ta yi, ta ce wai ni aiki nake yi musu ko sadaka.

Na sami manaja. Ya ba ni kujera, ya yabe ni har na ji kunya, sannan ya ce wai doka cewa ta yi a bayyana, ba ta ce a ƙara wa tsofaffin ma'aikata ba. Gilbert ya ce in watsa musu makullansu in fito, wai shi ba bana zai mutu ba. Amma inshorar aikin nan ce ke biyan asibitinsa, manaja kuma ya sani sarai. A shekara hamsin da tara, wa zai ɗauke ni?

Don haushi na cika takardar neman aikin, aikin da nake yi kullum. Jiya suka amsa cewa ba ni da digiri. Yaya, na gaji, kuma ban ga mafita ba. Da ban sani ba barcina nake yi. Yanzu na sani, kuma gobe ƙarfe bakwai ina kan kujerata.

Ki gaida Ruben, da 'yarki Marisol da yaranta. Gilbert yana gaishe ku. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Loretta