Ƙaramar Bindiga Mai Naɗewa

Zuwa ga Yaya Mbarek,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ina fatan su ƙanwarmu Itto suna lafiya. An yi ruwa a can gida Azilal kuwa?

Ni lafiya lau nake a Jabal Akhdar, kada ku damu. Maigidan da nake yi wa kiwo ya mayar da ni saman dutse da tumakinsa, abinci kuma sai bayan mako biyu yake isowa. Ya ce in zaɓi bindiga in riƙa harbin zomo da makwarwa.

Na je shago na tsallake manyan, na ɗauki wata ƙarama mai naɗewa biyu, wadda ke shiga jaka tare da burodi. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Ƙato da kai! Wannan ai ta yara ce, ta harbin gwangwani." Ban gaya masa ita kaɗai na iya ɗagawa ba.

Ba wani abu ba ne, zamewa na yi watan jiya, hannun dama yake ɗan yi mini gardama. Amma ranar da maigida ya gane, wani makiyayin zai nema.

Don Allah ka tambayi Kawu Lahsen yadda ya koyi harbi da hagu bayan hannunsa ya shanye. Wane ido ake rufewa? Jiya na jera gwangwani goma, ko ɗaya bai faɗi ba.

Allah ya bar zumunci. Idan Inna ta ce rubutuna ya canza, ka ce mata sanyi ne.

Ƙaninka,
Hammu