Rigar Rakoda

Rahamatu,

Jiya a kasuwar Tanout muka shirya da Dodo mai gyara: in ya hana rakodar nan mutuwa a tsakiyar magana, jan zakarana ya zama nasa. Yana tuɓe mata rigar da kika ɗinka don ya kwance ta, sai kaset ɗin da yayanki Ila ya aiko ya yi ta juyawa har ƙarshe. Ashe tun da aka wanke rigar ta tsuke, ita ke danne maɓallin tsayarwa. Dodo ya ce, "Alhaji, ba ni za ka nema ba, tela za ka kai ƙara."

Ga rakodar da kaset ɗin na aiko tare da wasiƙar nan. In innarki ta dawo daga rijiya, ki kunna mata. Wurin nan da kullum take yankewa, "an kai ni likita," ba ciwo ba ne. Awon lafiya aka yi wa Ila, an ɗauke shi aiki a Arlit. Kada ki mayar da rigar.

Motar Gangara na jira na. Dodo ya ci zakara bai kwance ƙusa ɗaya ba, innarki za ta daina kuka, ni kaɗai na yi hasara, kuma na yafe.

Babanki