Takardar da Kawu Ya Manna a Jikin Kwamfuta

Anti, don Allah ki taimake ni, daɗi ya cika ni amma na rasa wanda zan gaya wa.

Ina aiki a wani ɗakin gwajin jini tare da kawuna, wanda ya koya mini rubuta manhaja tun ban san inda ake kunna kwamfuta ba. Shi ya rubuta manhajar da ke adana sakamakon marasa lafiya. Ana tayar da ita daga baƙar tagar nan ta buga umarni, wadda muke kira shel. Shekara huɗu ke nan da ya manna takarda da salatif a jikin allon kwamfutar: KADA A RUFE WANNAN TAGA. Idan aka rufe, sakamakon ranar ya lalace, sai an sake ɗibar jinin mutane. Har mai shara tsoron teburin take.

Na zauna na bi abin. Ashe idan shel zai fita yana aika wa manhajar sigina cewa ta tattara, ita kuwa ba a koya mata saurare ba, sai ta mutu tana tsakiyar rubutu. Layi tara na ƙara a cikin manhajar: ta ji siginar, ta gama rubutu, ta rufe fayil, sannan ta fita. Sau arba'in na rufe tagar a kwamfutata, ko harafi bai ɓace ba! Wallahi har rawa na taka.

To, ranar Litinin akwai taron ma'aikata. Ina so a san ni na gyara, amma kuskuren na Kawu ne, kuma mutum ne mai gudun kunya. In yi shiru?

'Yar Kawu

'Yata, barka da aiki. Kada ki yi shiru, guminki ne, kuma marasa lafiya sun huta da allura biyu. Amma ki tuna takardar nan ba sakarci ba ce. Da ita ya kare sakamakon mutane shekara huɗu, da abin da ya sani a lokacin.

Kada ya fara ji a taro. Ki same shi shi kaɗai kafin Litinin, ki nuna masa layukan, ki roƙe shi ya nemo inda kika yi kuskure. Ku gwada katse manhajar da gangan ma, ba rufe taga kawai ba. Idan ya gamsu, ki matsa ki ba shi kujera ya rufe tagar da hannunsa. A taro ki faɗi aikinki ba rawar murya, ki kuma faɗi wanda ya koya miki.

Takardar kuwa, kada ki taɓa ta. Shi ya manna, ki bar shi ya ɓare abarsa. Allah ya ƙara basira.