Motar da Ka Aiko wa Baba

Kirkissoye, Yamai, farkon damina

Yaya Huzaifa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Safiya da yara, da yadda kuke fama da ruwan Lome. Mu nan lafiya lau, Baba ma ƙalau yake, in ban da ransa da ka ɓata.

Na rubuto ne don na san saƙon murya ba ka saurara sai rabi. Motar da ka aiko ta iso, an yi mata fentin taksi, fara da jan kai, maƙwabta sun zo sun sa albarka. Allah ya ƙara buɗi. To amma, Yaya, wa ya ba ka shawarar ka sa Abdou dillali ya ɗauke tsohuwar taksin Baba ya sayar, alhali Baba yana masallaci? Motar da ta ciyar da mu, ta kai ka lakkol ka yi boko, ta kai Inna asibiti ranar da ba ta dawo ba? Ko akuya ce ai a bari mai ita ya shafa bayanta.

Kuma ba wai Baba ya ƙi canji ba ne. Da bakinsa ya ce maka yana son ƙanwar motar tasa, irin ta Malam Nuhu na Harobanda, mai giyar hannu, wadda fiyes ɗinta, wato kayan gyaranta, har a tire ake tallarsu. Kai kuwa ka duba takardar masu ƙira, ka ga wannan otomatik ɗin ta fi kowace ƙarancin shan esanshi, wato mai, shi ke nan ka yanke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kai daga bakin teku ka hango mana rufin.

Tuƙin nan shi ne rayuwar Baba, ka sani. Tun rasuwar Inna, in ba yana kan gudron, kan kwalta, yana gardama da fasinja ba, ba ya cin abinci. Ka kira shi ka ba shi haƙuri.

Ƙanwarka,
Salima

Kirkissoye, tsakiyar damina

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin ƙaramin, ya daina tarin? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce in faɗa maka gaskiya a kan motar, ban da son rai. To ga gaskiya. Esanshi kam ba ta sha, wannan na ba ka. Baba da Malam Nuhu sun zuba mai daidai wa daida, suka yi yini guda suna aiki, ta Malam Nuhu ta tsaya tana neman ƙari, taka kuwa da sauranta. Baba da kansa ya ce ba ta da ci, kamar amarya a gidan surukai.

Sauran kuma ka saurara. Cikinta a ƙasa yake, duk ramin da ruwa ya haƙa a layinmu sai ta gaisa da shi, har ta bar wata roba a ƙofar gidan liman. Man kwalba na bakin hanya, wanda tsohuwar take sha ta yi hamdala, wannan in ta sha sai ta kama tari, wata fitila ta kunnu a gabanta. Mai gyaranmu ya buɗe ta ya rufe, ya ce shi ba ya taɓa abin da sai an jona masa na'ura kafin ya faɗi ciwonsa. Aka kai ta wani garaji a Filato, suka ce abin da ya lalace sai an aiko daga waje. Ta kwana tara a can, Baba yana zaune gida yana yi wa jikokinsa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta Malam Nuhu kuwa, ranar da ta yi irin wannan, kafin la'asar ta koma aiki.

Wai kai a ganinka tattali shi ne abin da mota take sha kaɗai? Kwanakin da take kwance fa, wa zai lissafa su? Har yanzu ba ka kira shi ba, kuma ina lura.

Taka,
Salima

Kirkissoye, bayan Mauludi

Yaya Huzaifa,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Ka kwantar da hankalinka tun daga nan, ba wanda ya mutu.

Ka san al'adar tsofaffin direbobin garin nan. In sun taso daga Filato za su gangara gada, sai su kashe kontak, motar ta sulala da kanta don a rage shan mai, in an kusa ƙasa a saki kuloci ta tashi. Baba ya fi shekara talatin yana haka, ƙafarsa ta san wurin fiye da kansa. Ranar Talata, da fasinja a ciki, ya kashe taka motar a gangaren. Da ya zo tayar da ita, ƙafarsa ta nemi kuloci ta tarar babu. Bolan, wato sitiyari, ya yi nauyi, birki ya ƙage kamar dutse, ga mata masu kayan lambu a gabansa. Sai ya karkata ya ba ta bakin dakalin hanya. Wata ɗaliba da ke baya, mai zuwa jami'a, ta karye a hannu.

Za ka ce sabo turken wawa, na san ka. Kada ka kuskura ka faɗa. Kai da kake sayar da motocin nan kullum, ka san ba a kashe su a kan tafiya, me ya hana ka ɗaga waya ka gaya masa? Ka aiko wa tsoho abin da bai roƙa ba, ka raba shi da wadda ya sani, ko bayanin minti ɗaya ba ka yi masa ba. Wallahi raina ya ɓaci da kai, ɓacin da ban taɓa yi ba.

'Yan sanda sun duba, sun mayar masa da farmi ɗinsa na tuƙi. Iyayen yarinyar mutanen kirki ne, suka ce ƙaddara ce. Malam Nuhu ya zo har gida ya ce Baba ya ɗauki tasa ya riƙa fita da ita da safe. Baba ya yi godiya, ya ce shi mutumin da ya karya 'yar mutane ba ya sake ɗaukar 'ya'yan mutane. Na yi magana har na gaji, na yi kuka, bai canza ba.

Jiya na raka shi duba yarinyar. Muka tsaya bakin gudron, taksin da ta tsaya mana ta Mu'azu ce, wanda Baba ya koya wa tuƙi da hannunsa. Mu'azu ya fito da sauri yana gaisuwa, fofo Baba, fofo, ya buɗe masa ƙofar gaba, har yana miƙa masa makulli. Baba bai ko dubi makullin ba. Ya buɗe ƙofar baya ya shiga, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya faɗi unguwar da za mu kamar kowane fasinja.

Motarka tana garaji. Ka aiko a ɗauke ta, kada ka aiko da wata. In kana da abin aikowa, kai ne, ka zo da kanka.

Ƙanwarka,
Salima