Gaiwa a Filin Asibiti

Badariya, Birnin Kebbi

Zuwa ga Baban Hamida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya zafin Zariya? Mu nan lau, sai kewarka.

Ofis sun tura ni duba filin da za a gina asibitin haihuwa a garinmu, Tungar Atiku. Ka san yadda asibitin nan yake a raina, ni da na haifi Hamida a bayan a-kori-kura kafin mu kai Argungu.

Fili a shimfiɗe, ƙasa ta bushe har ta tsage, Kawu Riskuwa yana biye da mu yana ta yabonta. Muna haƙa don ɗibar ƙasar gwaji sai ga curin laka, a ciki gaiwa ta naɗe tana barcinta. Gaiwa fa, a filin asibiti! Kai ma ka san ba ta kwanciya sai inda ruwa ya bar ta, kuma dawowarsa take jira. Kafin in ɗago, Kawu ya sunkuce ta ya cusa a aljihu, ya ce, "Ɗiyata, ba ki ga komi ba." Ga jela tana leƙowa.

Dariya na so yi, sai hawaye suka zo. Duk gari sun san ruwa na kwanciya nan da damina, tsoro suke kada a kai asibitin wani gari. Ni ma tsoron nake, amma ba zan yarda mata su riƙa naƙuda ruwa na shigo musu ɗaki ba. Na faɗi gaskiya a ofis, an ce in samo wani fili kafin damina, in ba haka ba mun rasa. Inna da ƙyar take amsa gaisuwata. Na koma gaiwar ni ma, jikina nake ci.

Ka taya ni addu'a.

Taka,
Nazifa

Badariya, Birnin Kebbi

Zuwa ga Baban Hamida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi.

Na zaga garin kaf. Wuri ɗaya ne ya yi: tudu, ƙasa mai ƙarfi, ga ruwan rijiya mai daɗi kusa. Sai dai gonar geron Kawu ce, wadda ko akuya ba ya bari ta ratsa. Haka na dawo gida ban roƙe shi ba.

Shekaranjiya da hantsi sai ga shi da ƙunshi, ashe gaiwar nan ce ya yi banda. Ya zauna ya gama mitarsa, wai boko ya ɓata ni. Sannan ya tuna mini shi ya tsaya bakin hanya ranar haihuwar Hamida, ya juya baya yana addu'a, ba abin da zai iya yi mini. Ya ce ya ga inda na yi ta haƙa masa gona. "Ku ɗauka. Gero ko'ina yana fitowa."

Ofis sun amince, Inna har da aiko mini da fura. Gaiwar kuwa mun yi miya da ita.

Saura ka roƙa mana Allah magina su yi sauri, don ƙanin Hamida ba zai jira su ba. E, abin da ka fahimta nake nufi.

Hamida na gaishe ka.

Taka har kullum,
Nazifa