Kujerar da Abba Bai Taɓa Zama a Kanta Ba

Rakiraki, Fiji, Agusta 1994

Ƙanena Imtiyaz,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Shabnam da yara, kuma sanyin Sydney bai matsa muku ba. Mu nan sai godiya.

Jirgin ruwan da ka saya ya iso. Ban san da wane ido ka kalli hoton da Baturen da ya sayar maka ya aiko ba, amma na tabbata ta gefe ɗaya ya ɗauke shi. Daga nesa fari ne tas, da dogon hancinsa da ɗan benensa, har masu yankan rake sukan tsaya kallo. Daga kusa kuwa, gindinsa duk katantanwa ta manne, ciki warin dizal da ruɓaɓɓiyar katifa, inji ɗaya yana tashi, ɗayan tari yake kamar tsohon mashayin taba. Ba tsegumi nake ba, abin da na gani nake faɗa.

Amma ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun rasuwar Ammi, mahaifiyarmu, Abba bai sauka daga baranda ba, rotin da na gasa na ajiye masa ya ci da safe shi nake ɗaukewa da yamma. Ranar da aka jawo jirgin, ya tashi da kansa, ya nemi takalminsa. Da muka hau, bai kalli inji ba, bai kalli sitiyari ba. Kai tsaye ya nufi kujerar nan ta baya, wadda aka kafe da ƙusoshi, mai wurin taka ƙafa kamar ta wanzami. Ya tsaya a bayanta, ya kama ta da hannu biyu, ya juya ta dama, ya juya ta hagu. Na ce, "Abba, zauna mana, ai ta ɗanka ce." Ya ce, "Shekarun da na yi a jirgin Turawa, nan ne wurina. Su suna zaune suna fama da kifi, ni ina juya su. Sai mai jirgi ya zo ya kama sitiyari, sannan na zauna."

Washegari ya sayi saiwar yangona, wadda ake kai wa manya gaisuwa, ya kai wa sarkin ƙauye Ratu Manasa, don neman izinin ɗaure jirgin a gaban ƙauyensu. Na raka shi. Ratu ya karɓa, aka tafa, sannan ya dube shi ya ce, "Gafur, da na ji ka daina fitowa, har na sa a fara saƙa tabarmar ta'aziyyarka. Ashe farar amarya kake jira." Abba ya ce, "Kai da ko kwalekwale ba ka iya shiga sai an tallabe ka?" Imtiyaz, sai ga Abba yana dariya. Na manta yadda take.

Yanzu kullum yana can yana kankare jikin jirgin. Yana cin abinci. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, don likita ya hana shi wahala saboda zuciyarsa. Yaushe za ka zo?

Ka gaishe da Shabnam. Allah Ya tsare.

Yayarka,
Rukhsana

Sydney, Satumba

Apa Rukhsana,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki a cikin tasi, ina jiran fasinja, na yi ta dariya har wata tsohuwa ta fasa shiga.

Haba Apa, tsohon jirgi ai kamar tsohon miji ne, sai da lallashi. Sababbi ma na gani a nan, ba su da fuska. Wancan kuwa, katakon benensa kaɗai ya isa a so shi. Kin manta lokacin da muke tsayawa a bakin gaɓa, Abba ya dawo hannunsa duk igiya ta yanka, wani jan Bature yana ɗaukar hoto da kifi mai takobi, Abba yana can gefe riƙe da bokiti? Tun ranar na yi rantsuwa. Sai na ga Abba a kujerar nan, kifi yana jansa yana zaginsa.

Na aiko da kayan injin hagu ta hannun abokina Salim. Ki ce a riƙa tada su duka biyu kowane mako, ko ba za a je ko'ina ba, inji zama ke kashe shi. Akwai wasu dunƙulen ƙarfe masu toka-toka, a ɗaura su kusa da farfela, gishiri ya ci su maimakon ya ci ta. Kada kowa ya shafa musu fenti. Na san ki da son tsabta.

Oktoba ina nan tafe, in sha Allahu. Ki ce wa Abba ya bar mini abin kankarewa.

Naki,
Imtiyaz

Rakiraki, Nuwamba

Imtiyaz,

Sallama da fatan alheri. Oktoba ta zo ta wuce. Na san aiki ne, ban zarge ka ba. Abba kuwa, duk motar da ta tsaya a kan hanya sai ya ɗaga kai.

Injin hagu ya tashi. An ɗaura ƙarafan, ban shafa musu komai ba, ko da yake sun yi muni. Amma jirgin nan ba ya barin mutum ya huta. A gyara nan, can ya ɓalle. Ruwa yana tsatsowa ta wurin sandar farfela, famfon ya mutu, Abba yana kwashewa da gwangwani. Tsatsar da aka goge ranar Litinin, Juma'a ta dawo. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Makon jiya santsi ya kwashe shi a kan bene, ya ce kada in gaya maka. Ban yi masa alkawari ba, shi ya sa nake gaya maka.

Sannan Ratu Manasa ya rasu. Mun kai tabarmi da garwar kananzir. Abba bai yi kuka a can ba, sai da muka dawo ya hau jirgi ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar kujera.

Sun kafa sanduna a kan duwatsun murjani, da ganyen kwakwa a ɗaure. Ka san abin: tabu, ba mai kama ko ɗan kifi a ruwan ƙauyen sai dare ɗari ya cika. Jirginka yana tsakiyar sandunan, kifi har wasa yake a inuwarsa.

Lokacin guguwa ya shigo. Ina kallon sama, ina kallon ƙafafun Abba, ban san wanne ya fi tsorata ni ba. Ka zo, don Allah.

Rukhsana

Sydney, Disamba

Apa,

Na sayi tikiti! Mako biyu aka ba ni, ranar ashirin ina sauka a filin jirgin saman Nadi. Ki tanadi miyar kaguwa.

Allah Ya ba iyalan Ratu haƙuri, mutumin kirki ne. Maganar tabu kuwa kada ta dame ki. Manyan kifi ba a cikin murjani suke ba, suna can waje inda ruwa ya yi baƙi, kuma can ba na kowa ba ne. Wucewa kawai za mu yi ta tsakanin sandunansu, ko gaisuwa ma sai mu yi musu. Ki daina wannan fargabar taki, tun muna yara kike ƙirga mana laifi kafin mu aikata.

Sai na zo.
Imtiyaz

Rakiraki, Janairu 1995

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ka tafi ba mu yi sallamar kirki ba, na kuma ji abin da ka ce wa Salim a tashar mota, wai a nemo mai sayen jirgin. Na bari zuciyarka ta huce kafin in rubuto.

Ba zan ce ba ka yi laifi ba, don ƙarya ce. Ka san sandunan nan, a gabansu ka girma, amma ka kama kifi a tsakaninsu. Na yarda ƙananan kifi ne, irin na sa wa a ƙugiya, na yarda ba su cika bokiti ba, na yarda ba wanda ya gan ka. Amma kai kana sama a kan sitiyari, ba ka ga fuskar Abba ba. Ni ina kusa. Ya sa farar rigarsa ta Idi. Ya riga ya ɗora hannu a kan kujerar, ya ɗaga ƙafa zai taka, sai ya ji motsi a bokiti. Ya tambaye ni, "A ina aka kamo waɗannan?" Ban iya yi masa ƙarya ba. Da ya juye su a ruwa ya ce ka juya jirgi, ba don ya kunyata ka a gaban Salim ba ne. Ka yi ta cewa mu ba 'yan ƙauyen ba ne, al'adarsu ba ta hau kanmu ba. Imtiyaz, wa ya ɗauki makarar Ammi daga mota zuwa maƙabarta da ruwa ya cinye hanya? Ba ka nan, shi ya sa nake gaya maka. Samarin Ratu ne.

Ga abin da ba ka sani ba. Kwana biyu bayan tafiyarka, Abba ya sa na sayo yangona, ya ce ƙauye za mu. Na ce ba wanda ya sani, ya ce, "Ni na sani." Da ƙafa ya tafi, ba takalmi, yana dafa kafaɗata. Ya zauna a ƙasa a gaban Sakiusa, babban ɗan Ratu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gidana ya ci amanar babanka. Na zo neman gafara."

Sai Adi Litia, matar marigayin, ta ce, "Kifi nawa?" Abba ya ce, "Na mayar da su." Ta ce, "To Gafur, ka jawo waɗannan ƙafafun naka masu kama da gwaza har nan saboda kifin da ke can yana iyo? Da abokinka yana nan da ya yi maka dariya har ya shaƙe." Tana faɗa tana share ido. Sakiusa ya karɓi saiwar, aka tafa, magana ta mutu.

Amma tafiyar ta kwantar da shi. Tun ranar bai sauka bakin ruwa ba, kuma rotin ya fara dawowa yadda na kai shi. Ni nake zuwa tada injinan yanzu, Salim ya nuna mini. Ina karanta Bismillah in murɗa, in tsaya ina jin su suna rawa a ƙarƙashin ƙafata. Kada ka yi dariya, na fara gane abin da kuke gani a jikinsa.

Farkon Fabrairu za a cire sandunan. Ana bukatar kifi mai yawa don taron cikar kwanakin, Sakiusa ya tambaya ko jirgin zai fita, shi zai tuƙa, da Abba a ciki. Abba ya ce jirgi da mai shi. Ba na jin zai kai wata shekarar yana jira. Ko ka zo, ko ka sake shi daga maganar da ya ɗaura wa kansa. Sayarwa kuwa, naka ne, amma ka bari sai bayan nan.

Allah Ya sanyaya zuciyarka.

Yayarka,
Rukhsana

Sydney, Janairu

Apa,

Na karanta sau uku. Na nemi hutu, sun ce in na tafi kada in dawo.

Ki karanta wa Abba wannan da bakinki: Abba, jirgin ba nawa ba ne, tun farko naka ne. Mai jirgi yana nan a Rakiraki. Ka ba Sakiusa sitiyari, ka zauna. Ka yafe mini.

Ki ce wa Salim ya bar neman mai saye. Ki kuma kai wa Adi Litia yangona da sunana, ba da sunan Abba ba.

Imtiyaz

Rakiraki, Fabrairu

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Sun fita, ni ma na bi su, na yi ta amai.

Samari biyu suka ɗora shi a kujerar, suka ɗaura masa ɗamara. Mai takobi bai zo ba. Wani dogon kifi da ake kira walu ne ya kama, Abba ya yi ta fama da shi yana zaginsa, yadda ka so. Sakiusa yana ihu daga sama, "Tsoho, kai ka kama shi ko shi ya kama ka?" Kifin nan aka fara ajiyewa a gaban Adi Litia a wajen taron.

A hanyar dawowa na tambaye shi yadda ya ji. Ya ce, "Tauri gare ta. Kuma yaran nan ba su iya juya kujera ba." Sannan ya ce, "Ki rubuta wa Imtiyaz. Shi zai zauna, ni in tsaya a bayansa. Bai taɓa ganin yadda na iya ba."

Yau da safe ya aike ni sayen man goge katako. Bai iya sauka ba, ni na goge.

Injinan duka biyu suna tashi. Ka zo.

Rukhsana