Rami na Goma Sha Bakwai

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya kai da Mama, kuma gwiwar nan ta yi sauƙi. Babu sabis a sansaninmu, shi ya sa na ba direban da ke kai jakunkunan ƙasa ɗakin gwaji wannan takarda.

Baba, aikin nan daɗi gare shi. Taswirar ƙasar da ka zana wa wannan makiyaya shekara talatin da biyar da suka wuce, wadda kwafinta ke rataye a falonmu, ita nake bi rami-rami. Goma sha shida na sake haƙawa, kuma yadda ka rubuta haka na tarar. A kan tudu jar ƙasa ce mai tsakuwa, taƙi ɗaya diga ta bugi baƙin dutsen nan na aman wuta. A kwari kuwa baƙar laka ce, ta tsattsage har hannuna na shigewa, ga fararen duwatsu ƙanana masu kumfa in an ɗiga musu asid. Masu haƙa suka ce ko aljani ne ya zana taswirar. Na ce babana ne, har da ɗaga kai.

Hukuma na jiran rahotona ranar Litinin ta sama. Suna so su ba masu tarakta gangaren gabas su nome, tunda taswirarka ta ce ƙasarsa mai zurfi ce. Rami ɗaya ka haƙa a can, na goma sha bakwai, shi kaɗai ya rage mini.

Ka gaida Mama. Na bar ka lafiya.

'Yarka, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, mun gode Allah. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba.

Na ji daɗin labarin ramukan, na karanta wa maƙwabcinmu sau biyu ko da yake bai tambaya ba. Sai dai ina tuna miki: kada ki yanke wa ƙasa hukunci da ido. Ki jiƙa ta, ki murza tsakanin yatsu, ki ji ko tana danƙo ko tana ƙaiƙayi. Littafin gwada launin ƙasa kuma da hasken hantsi ake duba shi, da yamma kowace ƙasa ja ce.

Game da na goma sha bakwai, kada ki wahalar da kanki da mutanenki. Kwana tara na yi a kansa, babu ramin da na yi wa irin wannan zama. Ki kwafi abin da ke rubuce, ki dawo gida ki huta.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Mama,

Gaisuwa da yawa. Wannan taki ce ke kaɗai, don Allah kada Baba ya gani.

Ban ji maganarsa ba, na haƙa. Ramin kansa daidai yake: baƙar ƙasa mai laushi har ƙugu. Amma da na matsa taku hamsin na sake haƙawa, sai dutse a taƙi ɗaya. Na gwada wuri huɗu, duk haka. Na koma cikin nasa na duba da kyau, sai ga tsohon taki ya daskare, ga toka, ga guntun igiya. Mama, a tsohon makwancin shanu Baba ya haƙa, ya ɗauki ƙasar taki ya ba gangare guda sunanta!

In aka sa tarakta a nan, damina biyu ruwa zai kwashe ƙasar ya bar dutse tsirara, masu kiwo su rasa ciyawar da suke dogaro da ita. In kuma na rubuta gaskiya, a cire taswirar Baba daga ofis, a ce 'yarsa ce ta ƙaryata shi. Kin san kullum da kansa yake goge gilashin wadda ke falonmu. Raina a jagule yake, biro ya ƙi tafiya. Me zan yi?

Taki, Auta

*

Auta,

Lafiya lau muke, kuma ki yi haƙuri, na karanta masa. Ina cikin karantawa dariya ta ci ƙarfina, ya ce sai ya ji abin da ake wa dariya a gidansa.

'Yar nan, makwancin shanun kakanki kika faɗa ciki. A nan muke zaune lokacin, mun tashi tun kafin a haife ki. Shugaban masu binciken ya nuna wa babanki tsakiyar gangare ya ce ya haƙa. Ya hango ni ina tatsa, sai ya saɓa digarsa ya dawo bayan shingenmu, wai nan ƙasa ta fi nuna halinta. Ramin da ake gamawa kafin azahar, kwana tara ya yi yana haƙa. Kullum zai ɗebo ƙasa a tafin hannu ya zo ya ce, "Don Allah wane launi ne wannan? Idona bai gani sosai." Mutumin da ke hango ni daga kan tudu! Ranar ta shida kakanki ya leƙa ramin ya ce masa, "Yaro, in rijiya kake nema ba ruwa a nan, in kuma magana ce ka fito mu yi."

Ya san da kuskuren nan tun tuni. Shi ya roƙe ni kada in gaya muku wurin. Yakan ce wa zai taɓa noma wannan gangaren? Ki lura in kin dawo, in yana goge gilashin nan, kusurwar gabas yake wucewa da sauri.

Da na gama karantawa sai ya miƙe. Ya fita ya ba shukokinsa ruwa, alhali ya ba su da safe. Da ya dawo ya nemi takarda. Ga ta nan a cikin tawa, ban buɗe ba, ba irin halina na ɗazu ba.

Ki riƙa cin abinci, ki sa hula a rana.

Mamanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na ce ki kwafa, kin haƙa. Haka na koya miki, kuma na ji kunya, na kuma ji daɗi.

Ki gyara. Ki rubuta: ƙasa marar zurfi a kan baƙin dutse, ta kiwo kaɗai, ba a sa mata garma. A ƙarƙashi ki ce kuskuren mai binciken farko ne, da sunana cikakke, kada ki sakaya.

Ramuka goma sha shida na haƙa wa hukuma. Na goma sha bakwai kaina na haƙa wa, kuma ban yi asara ba, tunda ga ki riƙe da biro. Kafin a cike shi ki ɗebo wa mamanki jaka ɗaya. Har yau ba ta gaya mini launin ba.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Babanki